Kwanukan 'Yan Masaƙa

Duk shekara idan jarrabawarku ta ƙarato sai in ga kun cika min garejin nan, kowa da buhun tarkacensa a kafaɗa. Wani ya tsinto sarƙar babur, wani murfin tukunya, a ce, "Baba Lawan, a ɗan ɗiɗɗiga mana walda, gobe za mu kai makaranta." Idan na tambayi mutum abin da aikin nasa yake nufi, sai ya ce in an haɗa zai samo masa ma'ana. To ku nemi wuri ku zauna. Yau ba za a tayar da inji ba sai kun ji yadda na yi nawa, don ni ma aikin makaranta ne ya kawo ni sana'ar nan.

A lokacin ina ajin ƙarshe a kwalejin horar da malamai, sashen zane da sassaƙa. Gidanmu yana Ɗorayi. Mahaifina, Malam Isa, yana aiki a wata masaƙa a nan Sharaɗa, a kan injinan saƙa yake tsaye tun ina firamare. Kullum da sassafe zai ɗaure kwanon tuwonsa da ƙyalle a bayan keke, ya shiga ayarin 'yan'uwansa ma'aikata. Ku ba ku ga Sharaɗar wancan zamani ba. Idan jiniya ta yi kuka aka tashi daga aiki, kekuna ne suke cika titi, mai mota sai dai ya kashe ya jira.

Malaminmu, Malam Ɗanladi, ya ba mu aikin fita. Ya ce kowa ya haɗa wani abu da kayan da aka zubar, ba a yarda a sayi sabo ba, kuma abin ya zama yana magana a kan wani al'amari da ya dami jama'a. Za a turo mai dubawa daga wata jami'a. Wanda aikinsa bai tsaya ba, ya maimaita shekara.

A shekarar ce kuma komai ya tsaya cik. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kayan gyaran injuna suka daina shigowa, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata. Bompai aka fara, Sharaɗa ta biyo baya. Wata rana sai ga Baba ya dawo da hantsi, kwanonsa a ɗaure yadda ya fita da shi. Ya jingine keken a soro, ya ce, "An ce mu huta, in kaya sun zo za a neme mu." Ni kuwa na san maimaita shekara ba nawa ba ne, don gidan ya fara kallon ranar da zan fito in kama koyarwa. Na kuma san a kan abin da zan yi aikina.

Zanen farko da na yi na mutum ne, ya sunkuya, kansa haƙoran inji, hannuwansa a sake. Na naɗe takardar na kai wa Malam Ilu mai walda, wanda wannan garejin asali nasa ne, Allah Ya jiƙansa. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya duba zanen sosai, sannan ya miƙo min.

"Ɗan makaranta, hannunka yana da kyau. Amma ni ba na haɗa mutum. Ranar gobe aka ce in hura masa rai, ina zan samo?"

Na ce, "Malam, ai ba gunki ba ne, aikin makaranta ne."

"Na ji. Ka kawo ƙofa, ka kawo gado, ka kawo abin da ni da kai ba mu san sunansa ba, zan yi maka. Ban da mai kai da ƙafa. Kuma ko wanne ne, ba ni zan riƙe maka karan walda ba. Aikinka ne, kai za ka ɗiga shi da hannunka. In ka yarda, gobe ka zo da tsohuwar riga."

Aikin farko da ya sa ni shi ne kankare tsatsa daga ƙofar tandar wani mai burodi. Ba injin gurza a garejin, sai burushin waya da magagari. Na yi ta gurza har tafin hannuna ya yi kanta. Daga nan ya koma sa ni miƙe rodi a kan uwar maƙera, in yanka da zarto, in jera. Sai da na daɗe ina wannan kafin ya bar ni na taɓa karan walda, ranar da na taɓa kuwa na ɗaga gilashi don in ga inda nake ɗigawa, hasken ya shiga idona. Washegari kamar an zuba min yashi, da lalube na zo garejin. Malam Ilu ya ce in zauna a inuwa in saurara, ya riƙa ɗauko ƙarafa yana buga su da guduma ɗaya bayan ɗaya. Wannan mai amo mai tsawo, yana karɓar walda. Wannan mai amo gajere kamar an bugi tukunyar ƙasa, ƙarfen zubi ne, shi ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. A ranar da ba na gani sosai na fara sanin ƙarfe.

Masu kawo aiki ma sun canja a shekarar. Da, in ji Malam Ilu, sababbin ƙofofi da tagogi ake ba shi, ma'aikata suna ta gini. Yanzu sai gyara. Mai kura ya kawo gindin kurarsa ya tsage, mai niƙa ya kawo kan inji, wata Hajiya ta aiko da gadon ƙarfen da aka yi mata tun aurenta a ƙara masa ƙafa. Wutar lantarki a kawo da safe a ɗauke kafin azahar. Karan walda ya yi wuya har guntayen da ake zubarwa muke tsincewa a ƙasa mu sake maƙala su. A haka na koyi aikin, kuma shi ya sa har yau idan na ga ɗayanku ya yar da kara da sauran rabinsa nake masa faɗa.

Duk wannan lokaci ban san abin da zan haɗa ba tunda an hana ni mutum. Malam Ɗanladi yana tambaya, abokaina sun yi nisa. Amsar ta zo min ne a hanyar garejin. Waɗanda aka sallama ba su daina fitowa ba. Kullum sai su taru a ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon ƙofar masaƙar, ko za a leƙo a kira wani. Har da Baba. Kuma kowa da kwanonsa yake zuwa, kamar mai shiga aiki. Sai su kwance su daga kekuna su jera a inuwa. Wata safiya na tsaya ina kallon jerin kwanukan nan, ja, shuɗi, mai fure, mai lotsattsen gefe. Na lura ko ban ga masu su ba, na san na wane da na wane. Ashe ba sai na yi kai da ƙafa ba.

Na zana sabon abu: ƙafafun injin saƙa biyu a tsaye, zare a miƙe tsakaninsu, ƙoshiyar saƙa ta tsaya a tsakiya ba ta kai ƙarshe ba, sannan kwanuka a kife sun jeru daga ƙasa suna hawa gefe da gefe. Malam Ilu ya duba, ya ce, "Wannan kam ba mai tambayata ransa. Nemo kaya."

Ƙafafun injin a Bompai na same su, a filin wani dillalin tsofaffin ƙarafa. Na yi masa lodin mota na 'yan kwanaki, ya ba ni su a bakin ladana, tare da ƙoshiyoyi da kwarkwaro da ya ce ba su da nauyin da zai sayar. Zaren kuwa waya ce ta cikin tsofaffin tayoyi, mu ƙone taya mu zare ta, in gurje baƙin in miƙe ta. Waɗannan duk ƙarfi ne kawai suke ci. Kwanukan ne suka ba ni wuya.

Na je gindin darbejiya na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni. Akwai wani Malam Mamman, mutumin Ringim, mai gyaran injuna ne a masaƙar, shi ne bakinsu. Ya ce, "Ɗan Isa, wato abin kallo za ka mayar da mu? A kai mu makaranta 'yan boko su taru su ga waɗanda aka kora?"

Na ce, "Baba Mamman, ku gafarce ni. An rufe ƙofar nan, masu wucewa a mota ba su san mutum nawa ne a bayanta ba. Ina so a gani ne."

"A gani a yi mana me?"

Na ce ban sani ba. Na tashi na tafi. Amma na ci gaba da zuwa, kullum in gaishe su in zauna kaɗan, wani lokaci in ɗauki keken wani in kai garejin in ɗige masa kariyar ɗaura kaya. Ban sake tayar da maganar ba. Rannan Malam Mamman da kansa ya kira ni. Ya juye ɗan sauran ɗumamen da ke kwanonsa a murfi, ya miƙo min kwanon.

"Aro na ba ka. Kada ka huda shi, kada wuta ta taɓa shi. Zan koma aiki, kuma da shi zan koma."

Da ya bayar sai saura suka fara bayarwa, kowa da wannan sharaɗin. Baba dai bai bayar ba. Da na yi masa maganar a gida ya ce, "Kwanona ba tarkace ba ne," ya ci gaba da alwalarsa.

Sharaɗin nan ya ƙara min aiki ninki. Da huda ne, rana ɗaya na gama. Sai da na yi wa kowane kwano zobensa da siririn ƙarfen ɗaurin dila, in auna bakinsa, in lanƙwasa, in naɗe cikin zoben da robar tsohon tuf ɗin taya don kada fenti ya kankare, sannan in ɗaure da noti. Babu biyu da suka zo daidai. Ku da kuke cewa tsince-tsince ne kawai, wannan shi ne aikin. Kayan da ka tsinta yana da mai shi, ko da ya yar, balle wanda aka ba ka amana.

Saura haɗa ƙafafun injin da gindin da zai riƙe su. Ƙarfen zubi ne, yana da nasa karan na musamman, mun zagaya har Sabon Gari babu shi a kasuwa. Muka zauna da Malam Ilu muka yi shawara. Ya ce akwai dabarar da ake yi, a gasa ƙarfen da gawayi ya yi zafi, a ɗiga da kara na kullum, a binne cikin yashi ya huce a hankali. Wani lokaci ya riƙe, wani lokaci ya ƙi. Lokaci ya ƙure, na ce mu gwada. Muka yi, muka tone, na hau na girgiza, bai motsa ba.

Ana jibi mai dubawa zai zo muka ɗora shi a akori-kura za mu kai kwaleji. Ba mu bar Sharaɗa ba motar ta faɗa wani rami. Ina baya ina riƙe da shi na ji ƙas! Ɗigon ya rabu gida biyu, ƙafa ɗaya ta kwanta, wayoyin suka tsintsinke, ƙoshiyar ta yi tsalle ta faɗa kwata. Abin da na fara dubawa kwanukan ne. Allah Ya taimake ni zobban sun riƙe, ɗaya ne kawai ya ɗan lotsa. Direba ya ce shi ba zai ƙara gaba da wannan kaya ba, ya juya ya sauke mu a bakin garejin.

Malam Ilu ya zagaya karayar, ya ce, "Walda ta ƙi. Sai dai noti. A huda ƙarfen, a sa masa farantin ƙarfe ciki da waje a ɗaure." Na ce to a huda. Ya nuna min fitilar garejin, babu wuta tun jiya. Abin da ya rage sai mahudin hannu, irin wanda kake dannawa da ƙirji kana juyawa. Ƙarfen kuwa kaurinsa ya kai yatsa biyu. Na ɗauka na fara. Har la'asar ban gama rami na biyu ba.

Labari ya kai gindin darbejiya cewa kwanuka sun yi hatsari. Sai ga su sun taho duba kayansu, Malam Mamman a gaba. Ya duba nasa, ya duba karayar, ya dube ni.

"Tun yaushe kake wannan ramin?"

Na faɗa masa. Ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya ce, "Kawo. Kai ka nuna mana inda kake so, mu mu juya. Dama zaman me muke yi?"

Haka suka karɓa, wannan ya juya ya gaji ya ba wancan, wani yana ɗiga mai a ramin, wani yana wasa bakin mahudi. Mutanen da suka yi watanni ba su taɓa ƙarfe ba, sai ga su suna gardama a kan wane noti ya fi. Washegari da safe suka dawo, Baba yana cikinsu. Ya tsuguna wajen wayoyin da suka tsinke ya shiga ƙulla su yana ja, yadda yake ƙulla zare a inji. Da ya gama ya je wajen kekensa ya kwanto kwanonsa, ya ajiye a gabana.

"Auna shi. Ka sa shi kusa da na Mamman, tare aka ɗauke mu aiki."

Mun gama da yamma, amma babu motar da za ta ɗauka, kuma ni kaina ban yarda in sake ɗora shi a mota ba. Na hau keken Baba na je na sami Malam Ɗanladi na gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Ya ce doka ita ce a kawo aiki makaranta. Na ce na sani, amma aikin yana tsaye, a zo a gani, in bai yi ba a kayar da ni. Ya ce ba ya alkawari.

Ranar dubawa muka tura shi bakin titi muka jira. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, wasu suka fara cewa 'yan boko ba za su zo ba. Sai ga motar Malam Ɗanladi. Mai dubawar wani dattijo ne Bayarabe, yana jin Hausa sosai. Ya fito ya tarar da taro, kowa yana nuna wa na kusa da shi kwanonsa, har masu wucewa sun tsaya. Ya zagaya aikin a hankali, ya taɓa ƙoshiyar, ya ja waya ɗaya ya saki. Ya ce min bayan aikin bai sami kulawa kamar gabansa ba, kuma ban yi maganin tsatsa ba, damina ɗaya za ta cinye wayoyin. Duk gaskiya ne. Sannan ya tambaya, "Me ya sa ba ka liƙe kwanukan ba? Kowa da sifana zai iya kwancewa."

Kafin in buɗe baki Malam Mamman ya ce, "Ranka ya daɗe, aro muka ba shi. Za mu karɓi abinmu in an kira mu."

Dattijon ya dube shi, ya sake duban jerin kwanukan. Ya ce da ni, "To kada a kai shi makaranta. A bar shi inda masu shi za su same shi." Na ci jarrabawata. Na yi koyarwa 'yan shekaru, amma kullum da yamma ina garejin nan, har na bar alli na dawo gaba ɗaya.

Aikin ya zauna a bakin titi. Bayan damina Malam Mamman ya sami gurbi a wani kamfanin jima a Challawa, ya zo da sifanarsa a aljihu ya kwance kwanonsa da kansa. Daga nan sai ya zama al'ada. Wanda ya sami gadi a Bompai ya zo, wanda ya yanke shawarar komawa gona a ƙauye ya zo ya yi sallama ya karɓa. Mutanen unguwa suka riƙa leƙawa su ga zoben da ya zama fanko, a tambaya, "Wa ya samu?" A yi masa barka ko ba ya nan. Masaƙar ta sake buɗewa daga baya, amma rabin injinan kawai aka tayar, kuma matasa aka kira. Baba ba ya ciki. Ya ci gaba da zuwa gindin darbejiya har aka bar su 'yan kaɗan, daga baya ya daina fita.

Wata safiya ina garejin ina aikin waldar ƙofar wani Alhaji, na ɗaga gilashi sai na gan shi tsaye da kekensa. A bayan keken ya ɗaure dila ƙarama ta guntayen yadi, irin waɗanda masaƙa take fitarwa a kilo. Na ajiye kara na gaishe shi.

Ya ce, "Kwance min kwanona."

Na ce, "Baba, sun kira ku ne?"

"Ba su kira ba. Kasuwannin ƙauye zan riƙa bi da wannan, yau Laraba zan fara. Tafiyar da nisa, mutum ba ya yini da yunwa."

Notin ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa mai na buga kafin ya juya. Ya karɓi kwanon, ya wanke shi a randar garejin, ya goge da gefen rigarsa, ya ɗaure a saman dilar. Ya hau keke, na riƙe masa baya har ya daidaita, ya miƙi hanyar Panshekara.